Haruffan da ke kwaikwayon rubutun hannu ba ko'ina ake kai su ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da da yawa za su ce ai ƙarami ne, amma kuma kullum yana gaban idonmu, wato irin haruffan nan na kwamfuta da waya da aka ƙera su don su yi kama da rubutun hannu, masu ɗan karkacewa, masu zagaye-zagaye, kamar mutum ya ɗauki biro ko alli ya rubuta abinsa cikin nishaɗi. Yanzu fa duk inda ka waiga su ne, a fosta, a katin gayyata, a sitatus, a jikin kwalin kaya, har da takardun ofis ɗin da sam bai kamata su leƙa ba. Ni sana'ata kenan shirya takardu a kwamfuta, tsara shafi da zaɓen fonti, wato salon haruffan da za a buga rubutu da su, to dole abin ya riƙa tsaya min a rai fiye da sauran mutane.

Abin da nake so in ce shi ne, wannan salon haruffa alƙawari yake ɗauka a madadinka tun kafin a karanta kalma ɗaya. Da ido ya sauka a kansa abin da yake gaya wa mai karatu shi ne, wani mutum ne ya zauna ya rubuto maka, ba inji ba, ba hukuma ba, saki jikinka. Idan maganar da ke ciki ta cika wannan alƙawari to lafiya lau, takarda ta yi daɗin gani. Idan kuwa ba ta cika ba, mai karatu zai ji kamar an raina masa wayo ne ko da shi kansa ba zai iya faɗin abin da ya ɓata masa rai ba.

Ku buɗe ɗaya daga cikinsu a kwamfuta ku ƙara masa girma har harafi ɗaya ya cika sikirin, za ku ga dabarar da aka yi. Layin ba ya miƙewa sosai, akwai ɗan rawa a jikinsa. Bakin kowane layi a dunƙule yake kamar inda alƙalamin maka ya tsaya, babu waɗannan 'yan ƙafafun da ake gani a gindin haruffan Times New Roman. Ƙafafun m ba su kai ɗaya ba, wata ta ɗan fi wata tsawo, o ba cikakken da'ira ba ne, wani lokacin ma ba ta gama rufewa ba, sandar da ta gitta t ta ɗan tashi sama ta gefen dama kamar mai rubutun yana sauri. Harafin a kuma irin wanda muke yi da hannu ne, da'ira da sanda, ba irin na littafi mai rumfa a ka ba. Sannan haruffan ba su zauna daram a kan layi ɗaya ba, wani ya ɗan hau wani ya ɗan sauka. Duk wannan da gangan aka yi, mai dizain ya zauna ya auna kowace karkata, ya fi wahalar yi ma a kan miƙaƙƙen harafi, don in karkatar ta yi yawa ya zama ƙazanta in ta yi kaɗan kuma ya zama gurgun fonti kawai.

Amma akwai inda asiri yake tonuwa, kuma mu masu rubuta Hausa mun fi kowa saurin kama shi saboda yawan a da ke cikin kalmominmu da yawan ninka baƙi. Ku rubuta kalma irin su babbaka ko sassafe ko kakkarya da irin wannan fonti ku zuba mata ido. Duk a ɗin iri ɗaya sak, karkata ɗaya, wutsiya ɗaya, s uku kamar an buga su da hatimi. Babu ɗan Adam ɗin da hannunsa ke yin haka, ko sa hannunka ka yi sau biyu a jere ba za su zo ɗaya ba. A kalma biyu ko uku ido ba ya lura, amma da an kai layi biyar shida sai ƙwaƙwalwa ta fara jin wani abu ba daidai ba, rubutun yana cewa ni na hannu ne amma yana maimaita kansa kamar inji, shi ya sa doguwar takarda da irin wannan salo take gajiyar da mutum ba tare da ya san dalili ba.

Kuma wannan matsalar ba yau ta fara ba, tun farkon ɗab'i ake fama da ita. Johannes Gutenberg da ya buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus wajen 1455 so yake shafin ya yi kama da aikin magatakardan da ke kwafar littafi da hannu, don abin da mutanen lokacin suka sani kenan a matsayin littafi, shi ya sa bai tsaya a baƙaƙe ashirin da 'yan kai ba, ya zuba siffofi kusan 290 na dalma, harafi ɗaya kala-kala, wasu a haɗe biyu-biyu. Haruffan nan masu kwanciya gefe da muke danna musu I a Word, su ma asalinsu kwaikwayon rubutun hannu ne na malaman Italiya, Francesco Griffo ne ya sassaƙa su wa maɗaba'ar Aldus Manutius a Venice aka fara buga cikakken littafi da su a 1501. Yau babu mai kallonsu a matsayin rubutun hannu, sun zama 'yan gida. A Pakistan kuwa abin ya fi haka tsanani, rubutun Urdu na Nasta'aliƙ ya ƙi inji ƙememe har ta kai jaridu da hannu marubuta suke rubuta su shafi-shafi a ɗauki hoto a buga, sai a 1981 da Ahmed Mirza Jamil ya zana dubban haɗaɗɗun siffofi aka sa a kwamfuta sannan aka samu sauƙi.

Wanda ni ya fi burge ni a cikin tsofaffin shi ne Mistral, na wani Bafaranshe Roger Excoffon, 1953, a Marseille. Rubutun hannunsa ya ɗauka ya mayar da shi dalma, kuma ku tuna kowane harafi a lokacin ɗan guntun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ake jerawa kusa da ɗan uwansa, amma ya san yadda ya yi wutsiyar kowanne ta faɗa daidai inda na gaba zai kama, in aka buga sai ka rantse da buroshi aka ja shi a numfashi ɗaya. Kafin shi akwai Brush Script na Robert E. Smith a Amurka, 1942, wanda har gobe yana cikin kwamfutocin mutane kuma har gobe ana wulaƙanta shi da manyan baƙaƙe, zan dawo kan wannan. Akwai Tekton da Adobe suka fitar a 1989, wanda aka ɗauko daga rubutun wani masanin zanen gine-gine Francis Ching, irin tsaftataccen rubutun da ake yi a gefen zanen gini. Kowanne da hannun mutumin da ya fito daga gare shi da kuma aikin da aka yi shi dominsa.

Na zamani sun samu wata dabara. Tsarin ƙera fonti da ake kira OpenType yana ba mai dizain dama ya ajiye a uku ko huɗu a cikin fonti ɗaya, manhajar ta riƙa juya su, in a ta zo sau biyu a kalma ta biyun ta ɗauki wata siffar daban. Caveat da ke Google Fonts yana yin irin wannan. To amma sai manhajar da kake aiki da ita ta san da zancen, in ba haka ba a ɗaya za ta yi ta maimaita maka, kuma yawancin na kyauta da ake saukewa barkatai a intanet ba su da wannan ko kaɗan, wani ya rubuta baƙaƙe sau ɗaya a takarda ya yi sikanin ya ɗora shikenan.

Ba yadda za a yi a yi wannan zance ba a ambaci Comic Sans ba, shi ne sarkinsu kuma shi ne ya fi shan zagi. Vincent Connare ne ya zana shi a 1994 yana aiki a Microsoft. Abin da ya faru, ya ga gwajin wata manhaja da ake kira Microsoft Bob wadda aka yi don sababbin shiga kwamfuta, a ciki akwai wani karen katun da ke yi wa mutum bayani a cikin kumfar magana, kuma maganar karen da Times New Roman aka rubuta ta. Connare ya ga abin bai yi ba, kare na katun yana magana da haruffan jarida, sai ya ɗauko littattafan labaran zane da ke ofishinsa ya duba yadda ake rubuta maganar 'yan wasa da hannu ya zana nasa. Fontin bai ma samu shiga Bob ɗin ba, wata manhajar yara ta haɗa fim, 3D Movie Maker, ita ta fara ɗaukarsa, daga baya ya bi Windows 95 ya shiga duniya. Kun ga kenan an yi shi ne don gajeriyar magana a bakin katun, a kan sikirin ɗin wancan zamani mai manyan ɗigo-ɗigo, kuma a wannan aikin ya yi kyau ƙwarai.

Sai ya faɗo hannun miliyoyin mutanen da a karon farko a rayuwarsu aka ba su jerin fonti aka ce zaɓi. Mutum ya duba, wannan kamar na kotu, wancan kamar na banki, sai ga guda ɗaya da ke masa murmushi, me kuke tsammani zai ɗauka? Ni ban ga laifinsu ba wallahi. Masu dizain suka tashi da kamfen, wasu ma'aurata a Indianapolis ta Amurka, Dave da Holly Combs, suka kafa gangamin a haramta Comic Sans, abin da ya fara kamar wasa ya zama babbar magana, har yau in kana so ka nuna kai ɗan gari ne a harkar dizain sai ka zagi Comic Sans. Wannan ɗagawar ita ma tana ba ni haushi, malamar firamare ta buga wa yara jadawalin aji da haruffan da suka yi kama da abin da take rubuta musu a allo, wani ya zo yana mata dariya wai ba ta waye ba, alhali ita ce ta yi daidai.

Abubuwa biyu da suka faru a bainar jama'a su suka fi nuna min yadda abin yake. A watan Yulin 2010 LeBron James, ɗan wasan ƙwallon kwando, ya sanar zai bar Cleveland Cavaliers ya koma Miami Heat. A daren mai kulob ɗin, Dan Gilbert, ya saki wata buɗaɗɗiyar wasiƙa ga magoya baya cike da fushi, yana zarginsa da cin amana, har da alƙawarin kulob ɗinsa zai riga LeBron ɗaukar kofi, kuma duk wannan tafasar zuciya da Comic Sans aka rubuta ta. Duniya ta kwashe da dariya. Hukumar gasar, NBA, ta ci shi tarar dala 100,000 saboda kalaman, amma abin da mutane suka riƙe har yau haruffan ne, attajiri yana kumfar baki da muryar karen katun. Fushin bai shiga kowa ba saboda siffar rubutun tana ƙaryata shi layi bayan layi. LeBron ɗin ma ya riga su ɗaukar kofin a 2012, ya dawo Cleveland a 2014, ya ciyo musu nasu a 2016, wannan kuma wani zancen ne.

Na biyun, ranar 4 ga Yulin 2012 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva, ranar da aka sanar da gano wata ƙanƙanuwar ƙwayar halitta da ake kira Higgs, wadda masana kimiyyar lissafi suka shekara kusan hamsin suna nema. Fabiola Gianotti, wadda ke jagorantar ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen biyu, ATLAS, ta tashi ta gabatar da sakamakon, kuma allunan bayaninta duk da Comic Sans. Nan ma an yi ta tsokana a intanet. To amma ku lura, babu abin da ya ragu, sakamakon yana nan, lambobin suna nan, ita kuma daga baya ta zama shugabar CERN ɗin gaba ɗaya a 2016, har cibiyar ta mayar da abin raha ta sanar a ranar 1 ga Afrilun 2014 wai daga yau duk takardunta da Comic Sans za a riƙa yi. Me ya bambanta ta da Gilbert? Ita tana tsaye a gaban abokan aikinta da jikinta da muryarta, labarin farin ciki ta kawo, kuma hujjarta ba ta jingina da kwarjinin takarda ba. Shi kuwa ba shi da komai sai takardar, so yake a ji tsoronsa ta cikinta, ya kuma zaɓi haruffan da ba su iya ɗaure fuska ba.

Akwai ma wanda ya gwada abin da lissafi. Errol Morris, mai shirya fina-finan gaskiya, ya yi wani gwaji a shafin New York Times a 2012, aka ba masu karatu sakin layi ɗaya a kan yiwuwar dutsen sararin samaniya ya faɗo wa duniya aka tambaye su ko sun yarda da maganar, ba su san kowa da irin fontin da kwamfuta ta nuna masa ba, kala shida. Mutum wajen 45,000 suka amsa. Waɗanda suka karanta da Baskerville, wani fonti irin na littafi, sun ɗan fi yarda, Comic Sans yana can ƙasa. Tazarar ba ta da yawa, kada a ce na ce fonti yana juya tunanin mutum, amma magana ɗaya ce kalma ɗaya ce, siffar baƙaƙe kawai ta sa wasu suka ɗan ja baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne wata takarda da wani abokin aikina ya nuna min, daga wani ofis da ya nemi aiki, ba sai na faɗi ko ina ba ne. Takardar ba da haƙuri ce, ba a ɗauke shi ba. An yi ta da irin fontin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar na katin barka, sunansa a sama da haruffa masu wutsiya, ƙasa kuma wai sa hannun manaja, shi ma fonti ne, wani daban mai kama da sa hannu. Ya riƙe takardar yana juya ta ya ce min, "Malam dubi fa, ko sa hannun ma ba su iya yi ba, sai su sa kwamfuta ta yi kamar ta san ni." Rashin aikin bai ƙona masa rai kamar wannan ba. Da sun buga ta da Arial ko wani miƙaƙƙen fonti wani ya sa biro ya ja layi a ƙasa, da ya ninke ya sa a aljihu ya wuce. Kayan shan iska ne aka sa aka shiga kotu da su, kayan ba su da aibu, wurin ne ba nasu ba.

Daga nan sai wuraren da abin ya wuce ɓacin rai ya zama haɗari. Lambobi. A yawancin irin waɗannan fonti 1 da 7 'yan uwan juna ne, 0 da 6 in wutsiyar ta gajarta sai Allah, 4 da 9 haka, ƙaramin l da babban I da 1 kuwa duk sanda ɗaya ce. Yanzu a ce lambar asusu ce, ko lambar waya a fosta da mutum zai karanta daga cikin mota, ko adadin ƙwayar magani da awa nawa za a sha, ko ranar da kaya zai lalace. Duk abin da in an karanta shi ba daidai ba wani zai yi asara ko ya cutu, dan Allah a bar shi da miƙaƙƙun haruffa, ko da sauran takardar duk ado ne. Haka alamar gargaɗi, haka yarjejeniya, haka satifiket, haka takardar neman aiki.

Sai manyan baƙaƙe. Masu haɗe-haɗe irin Brush Script an zana babban harafinsu ne don ya zo sau ɗaya a farkon kalma ya yi ƙawa sannan ƙananan su biyo a sarƙe, in ka danna maɓallin manyan baƙaƙe ka rubuta kalma gaba ɗaya da manya sai ka samu tarin igiyoyi da ba mai iya warwarewa, kuma abin mamaki a allunan talla aka fi yin haka, inda ake da daƙiƙa biyu kacal a karanta. Kada kuma a buɗa tazarar haruffan masu haɗe-haɗe, wutsiyoyin sai su tsinke su bar kowane harafi yana miƙa hannu ba wanda ya kama. Kada a haɗa kala biyu na rubutun hannu a shafi ɗaya. Ɗaya ya isa, a kanu ko a gajeriyar jimla, sauran bayani a ba wa fonti mai natsuwa.

Inda yake aiki kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, katin gaisuwa, littafin yara, maganar 'yan katun, sunan kaya a kwali, 'yar kibiya da bayani a gefen hoto, gajeren saƙon godiya, allon bayani na malami. Duk wurin da da ma in da hali da hannu za a rubuta.

Maganar yara da masu wahalar karatu tana da ɗan zurfi. Ƙungiyar Birtaniya ta masu dislekisiya, wato larurar wahalar karatu, ta sa Comic Sans cikin fontin da take ba da shawara, tare da irin su Arial da Verdana, kuma dalilin a bayyane yake in ka duba, b da d da p da q ba juyin madubin juna ba ne sak kamar a wasu fonti, haruffan kuma suna da sarari a tsakaninsu. Amma a kula, wannan na masu rarrabe haruffa ne, kowanne a tsaye shi kaɗai. Masu sarƙe da juna akasin haka suke yi, su ne mafi wahala ga yaro da mai raunin gani da dattijo. Mutane suna jin an ce rubutun hannu yana taimaka wa yara sai su ɗauko mai wutsiyoyi su cika littafi da shi. Rosemary Sassoon a Ingila sai da ta zauna da yara ta gwada abin da idonsu ya fi kamawa kafin ta fitar da nata fontin na 'yan firamare, bincike ne ba sha'awa ba.

Wanda ya shafe mu kai tsaye, Malam Edita, shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. Da yawan fontin rubutun hannu ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don wanda ya zana bai taɓa jin labarinsu ba. Abin da kwamfuta ke yi in ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani fonti ta cusa, sai ka ga kalma irin ƙarƙashi duk tana rausaya da hannu amma ƙ biyun sun tsaya ƙiƙam da siffar littafi, girmansu ma daban, kaurinsu daban, ko kuma a firinta su fito ɗan akwati fanko. Masu gaggawa sai su ce to a cire ƙugiyar kawai, a nan kuma ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, an sayar da ma'ana don a sayi ado. Gwajin minti ɗaya ne, kafin ka ɗauki kowane fonti ka rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ka gani ko duk daga gida ɗaya suka fito. Fontin Andika na ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna, wanda aka yi musamman don masu koyon karatu, yana da su duka, yana da a irin ta hannu, kuma kyauta ne. Ba shi da rawar jikin Comic Sans amma yana da sakin fuska daidai gwargwado.

Akwai kuma wani abu da matasa ke yi a Facebook da WhatsApp da sauransu, su shiga wani shafi su rubuta sunansu ya fito musu da haruffa masu lanƙwasa su kwafa su manna. Wannan ba fonti ba ne ma sam, alamomin lissafi ne da aka ƙara a tsarin Unicode, wato kundin haruffan da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi, a 2001 don masana lissafi su riƙa rubuta ƙa'idojinsu, kamanni kawai suka yi da baƙaƙe. Shi ya sa in aka nemi sunanka a wurin bincike wani lokacin ba ya fitowa, a tsohuwar waya ya zama akwatuna, makaho kuma da ke amfani da manhajar da ke karanta masa sikirin sai ta yi ta jero masa sunan alama ɗaya bayan ɗaya ko ta tsallake gaba ɗaya, kuma babu ƙ ko ɗ a cikinsu ko na rantsuwa. Wanda ya canza fontin wayarsa zuwa irin su Choco Cooky na Samsung shi kam ba ruwan kowa da shi, idonsa ne wayarsa ce, saƙon da ya tura zai isa da haruffan wayar mai karɓa. Sai dai in ya ɗauki hoton sikirin ya turo maka doguwar sanarwa, nan ne za ka sha.

Roƙona gare ku da masu tsara muku shafi, in za ku yi amfani da irin wannan salo ku bar shi a shafin yara da zanen barkwanci da 'yan gajerun kanun nishaɗi, kada ya kusanci labarin rasuwa ko haɗari ko shari'a ko wani abu mai lambobi. Masu kawo muku talla ma in sun kawo lambar waya da haruffa masu wutsiya ku ba su shawara su canza tun kafin a buga, su za su fi kowa cin riba. Sannan duk fontin da za ku ɗauka sabo, na hannu ne ko na littafi, a fara gwada masa baƙaƙen nan huɗu masu ƙugiya, manya da ƙanana, a sikirin da kuma a takarda, don wani yakan nuna su lafiya a kwamfuta sai an kai firinta ya watsar.

Na gode da fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum